Sunan ciwo da hanyar likita a Madawa, Buza da Keita

Ana iya bin tarihin kiwon lafiya a wannan yanki na jihar Tawa ta cikin kalmomi. Likita daga Ingilishi ta samo asali. A Najeriya sunan mutum ce, a Nijar kuwa ta zama sunan wurin, mutumin ya koma lokotoro, daga Faransanci.

Tsarin likitocin karkara ya sauya sau da yawa. Bayan shirin Bamako na 1987, dokar 1995 ta ɗora wa majinyaci biyan wani kaso na kuɗin magani. A 2006 aka yafe shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. A 2013 aka soma rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara da damina a Madawa da Buza.

Sai dai sunayen ciwo ba su sauya tare da dokoki ba. Littafin likita da Faransanci ake cika shi, uwa kuwa zahi take cewa, ko shawara. Zahi a nan ba zafin jiki kaɗai ba ne, ciwo ne da ake ɗauka yana zaune a ciki, jiƙo ake ba shi. Shawara kuma da yawa na ganin ba ta son allura, ko da zazzaɓi ne ya kawo ta. Ke nan sunan da aka ba ciwo a gida shi ke yanke ko za a kai yaro likita, da kuma yaushe.