Alƙalancin Ɗanɗano: Tarihin Giya Mai Ruwan Ƙasa Daga Ingila Zuwa Amurka



Yau tarihi zai kai mu Ingila da Amurka, kan wani abin sha da mafi yawanmu ba ma sha don addini ya hana, wato giyar da suke kira brown ale saboda launinta na ruwan ƙasa. Abin da ya ja mu gare ta tambaya ce da ta shafi duk mai shiga gasar rubutu: ta yaya ake yanke hukunci a kan abin da ya dogara da ɗanɗanon mutum, har wanda ya faɗi ya yarda ba a zalunce shi ba? Turawa sun shafe sama da shekara 700 suna fama da wannan tambaya a kan kofin giya.

Wajen 1266, zamanin Sarki Henry na Uku, aka kafa doka a Ingila wadda ta ɗaure farashin burodi da na giya da farashin hatsi. A lokacin mata ne galibi ke dafa giya a gidajensu. Idan mace ta sauke sabuwa, sai ta kafa sanda a ƙofar gida, alamar a zo a duba. Kotun gari na naɗa wani ma'aikaci, mai ɗanɗanon giya, ya kurɓa ya faɗi ko ta cancanci kuɗin da aka sa mata, ya duba ma'auni, ya kai ƙarar mai algus. Mahaifin William Shakespeare ya riƙe wannan muƙami a garin Stratford wajen 1556. Kayan aikin wannan ma'aikaci harshensa ne da rantsuwar da ya yi, hukuncinsa kuma bai wuce "ta yi" ko "ba ta yi ba".

Akwai labarin da ake yawan maimaitawa, wai yakan zuba giyar a benci ya zauna a kai da wandon fata, in wandon ya manne to akwai sauran zaƙi a ciki. Masu binciken tarihin giya ba su sami wannan a takardun zamanin ba. Mai rubuta tarihi ya kula da irin wannan labari, don daɗinsa ne ke sa a yi ta kwafarsa.

Giyar wancan zamani ba ta da hops. Hops furen wani tsiro ne mai yaɗo, ana tafasa shi cikin ruwan tsirarren sha'ir. Yana ba da ɗaci da ƙamshi, yana kuma hana giya saurin lalacewa. Wajen 1400 giya mai hops ta fara shiga Ingila daga yankin Holan da Flanders, zuwa shekarun 1520 an fara noma shi a gundumar Kent. Ingilawa suka raba suna: marar hops ita ce ale, mai hops ita ce beer. A 1542 wani likita, Andrew Boorde, ya rubuta cewa ta farkon ce abin shan Bature ɗan Ingila, ta biyun kuma ta mutanen Holan ce. Da sunan lafiya ya yi maganar, amma ƙyamar baƙon abu ce a ƙarƙashinta. Sannu a hankali hops ya ci kasuwa, don giyar da ba ta saurin tsami ita ake iya ajiyewa a yi fatauci da ita.

Launin kuwa daga wuta ya samo asali. Ana busar da tsirarren sha'ir a kan wutar itace ko ta kara, ya fito ruwan ƙasa da ɗan ƙauri. A 1784 John Richardson ya yaɗa amfani da wata na'ura mai auna yawan sukari a ruwa. Nan masu dafa giya suka gane farin tsiro, duk da tsadarsa, ya fi ba da sukari nesa ba kusa ba. A 1817 Daniel Wheeler ya ƙirƙiro gangar gasa tsiro har ya yi baƙi ƙirin, ɗan kaɗan ya isa ya rina ganga guda. Lissafin riba ya kori tsohuwar giya mai ruwan ƙasa, sunanta ya kusan ɓacewa na tsawon shekara ɗari.

Da sunan ya dawo, abu biyu ya ɗauka. A 1902 kamfanin Mann da ke gabashin Landan ya fitar da tasa, mai duhu, mai zaƙi, marar ƙarfi. A 1927 Jim Porter ya fitar da Newcastle Brown Ale a arewacin ƙasar, wadda ta fi haske da ƙarfi, zaƙinta kuma bai kai na waccan ba. Shekara guda bayan haka ta ci lambobin yabo a baje kolin masu dafa giya a Landan. Suna ɗaya ne, amma wanda ya saba da ta Landan zai kurɓi ta Newcastle ya ce an ɓata ta.

Daga nan labarin ya tsallaka teku. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, bayan ɗage dokar kuma manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a ƙasar ba su kai 100 ba, kusan duk abu iri ɗaya suke yi. Abu biyu suka sauya wannan. A 1972 aka fitar da wani irin hops a jihar Oregon mai suna Cascade, mai ƙamshin ɓawon lemo. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida. Masu yi a gida suka ɗauki brown ale ta Ingila suka ƙara mata gasasshen tsiro, suka cika ta da hops. Wanda aka zuba a farkon tafasa shi ke ba da ɗaci, na ƙarshe kuma ƙamshi, su kuwa suka yawaita duka biyun.

A nan alƙalan gasa suka shiga tsaka mai wuya. In aka auna wannan giya da ma'aunin Ingila, ta faɗi: ɗacin ya yi yawa, ƙamshin ba na gida ba ne. Amma babu kuskure a dafa ta, da gangan aka yi ta haka. Wata gasar masu dafawa a gida a Houston ta buɗe mata rukuni nata, shi ya sa aka jima ana danganta ta da jihar Texas. A 1986 Pete Slosberg ya kai irinta kasuwa da sunan Pete's Wicked Ale, daga baya ta zauna da sunan brown ale ta Amurka.

A daidai wannan zamani alƙalanci ya sami kalmomi. A 1979 Morten Meilgaard da abokan aikinsa suka wallafa wani zane mai siffar ƙafar keke, suka jera kalmomin ɗanɗano da ƙamshi rukuni 14. Maimakon alƙali ya ce "ba daɗi", sai ya ce tana warin man shanu, ko dafaffiyar masara, ko jiƙaƙƙen kwali, kowanne kuma yana nuna inda aka kuskure. Warin kwali, alal misali, alama ce iska ta shige ta ta tsufa. A 1985 aka kafa hukumar horar da alƙalan giya da ake kira BJCP. Takardarta maki 50 ce: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai 10 na ra'ayin alƙali gaba ɗaya. Lamba ake liƙa wa kwalba, alƙali bai san mai ita ba. Yana fara shinshinawa kafin ƙamshin ya gudu, ya duba launi da kumfa, sannan ya kurɓa yana neman ko garɗin gasasshen tsiro, mai kama da cakulan ko soyayyiyar gyaɗa, ya iya riƙe ɗacin hops. In ɗayan ya danne ɗayan, maki ya ragu, kuma dole ya rubuta dalili.

To, 'yan uwa, mu ma muna zama alƙalai duk lokacin da wani ya turo gajeren labari ya ce a duba masa. Sau da yawa abin da yake samu bai wuce "ya yi daɗi" ko "da saura", irin hukuncin 1266. Tarihin nan ya nuna abin da ke gyara hukunci: a ɓoye sunan mai aiki, a faɗi ma'auni tun kafin a fara, a kira aibi da sunansa. Ya kuma nuna inda ma'auni ke gazawa, don labarin da aka gina a kan sabon salo zai faɗi in aka auna shi da mudun labarin soyayya, kamar yadda giyar Amurka ta faɗi a mudun Ingila.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, lami da maiƙo; muna da ƙamshi, ƙauri, ƙarni da hamami. Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauki goro, ko zoɓo, ko kunun tsamiya, ya bayyana shi cikin jimla biyar ba tare da ya yi amfani da kalmar "daɗi" ba. A turo a ƙasan wannan maƙala, mu duba wa juna, kowane mai sharhi ya faɗi dalilinsa.

Allah ya ƙara basira. Sai mako mai zuwa.