Wa Ke Tarbar Baƙo a Jidda?

Jidda gari ne da ya rayu a kan tarbar baƙo. Tun shekara ta 26 bayan Hijira, lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a madadin Shu'aiba, yawancin waɗanda suka nufi Ɗakin Allah ta teku a nan suke fara taka ƙasa, ba su jin harshen gari, ba su san kuɗin gari ba, ba su san inda za su kwana ba. Yau maniyyaci daga Katsina ko Maraɗi yakan sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da waya a hannu, cikinta akwai biza, da sunan masauki, da tikitin jirgin ƙasan Haramain, har da rana da sa'ar da aka tsayar masa ta shiga Rauda a Madina. Da yawa suna ganin wannan ya raba alhaji da ɗan tsakiya har abada. Tarihin Jidda bai goyi bayansu ba. Haɗa baƙo da mai yi masa hidima tun kafin ya baro gida tsohuwar sana'a ce a garin. Waya ta gaji littafin rajistar masu wannan sana'a, amma ba ta gaji lamuninsu ba, wato mutum mai suna da gida da za a riƙe idan baƙo ya shiga wani hali.

Sana'ar kashi huɗu ce: muɗawwifi a Makka, dalili a Madina, mai shayar da zamzam, sai wakili a Jidda. Masu tarihin Makka sukan danganta mafarin muɗawwifanci da hajjin Sultan Ƙaitbai na Masar a shekara ta 884 Hijira, wanda alƙalin Makka ya riƙa laƙƙana wa addu'o'in ɗawafi. Daga hidimar sarakuna abin ya sauko ya zama sana'ar gado. Wakili shi ne idon muɗawwifi a bakin teku. Jirgi na tsayawa za a tambayi kowane alhaji sunan muɗawwifinsa, wakilin wannan muɗawwifi ya karɓe shi, ya riƙe takardunsa, ya sama masa masauki, ya yi cinikin raƙuman da za su fita da shi ta Bab Makka, a yada zango a Bahra, a isa Makka cikin kwana biyu. Bahaushen da ya san fatoma a zangunan fataken goro ba ya buƙatar dogon bayani: mai masauki ne da ke tsaya wa baƙo, sunansa kuma shi ne jarinsa. To daga ina baƙo ya samo sunan da zai faɗa a tasha? Daga alhajin garinsu da ya dawo, ko daga wasiƙa, ko daga muɗawwifin kansa, domin da yawansu sukan zaga ƙasashen Musulmi bayan an gama aikin Hajji suna neman baƙin baɗi. Alƙawarin haɗuwa ke nan, wanda aka ƙulla watanni kafin ranar.

Hausawa da yawa sun shigo ta ƙofar da ba ta cikin wannan littafi. Masu tafiyar ƙasa sukan bi ta Barno, Wadai, Darfur, su tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan don tara guzuri, wani ya shekara biyar, wani goma, kafin ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Mai isowa hannu wofi ba ya cikin lissafin wakili. 'Yan'uwansa Takari da suka riga shi, waɗanda suka kafa unguwanni a bayan ganuwar Jidda kafin a rushe ta a 1947, su ne fatomansa. Jirgin sama ya sauya lamarin. Attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata sun fara jigilar alhazai, gwamnatin Jihar Arewa ta Najeriya ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1965, ta tarayya ta biyo baya a 1975, sai hukumar NAHCON a 2006. A can Saudiyya aka tattara muɗawwifai cikin mu'assasoshi bisa yankunan duniya, har da ta alhazan Afirka da ba Larabawa ba, wakilan Jidda kuma aka haɗe su a ofis guda. A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da kason mutum dubu a kowane miliyan. Tun daga nan alhaji ya daina ambaton sunan mutum a tasha, ya koma biyan kuɗin kujera. Saboda haka bai dace a ɗora wa waya laifin duk abin da ya ɓace ba; hukumomi sun riga ta.

Annobar korona ce ta hanzarta sauran. An dakatar da Umara a farkon 2020, da aka sake buɗe ta a ranar 4 ga Oktoba sai da izinin manhajar I'itamarna, mutum 6,000 a rana, kowa da lokacinsa. A 2022 manhajar Nusuk ta gaje ta. Abin da aka ƙirƙiro don raba jikin mutane saboda cuta ya zama ƙa'idar dindindin.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce tsohon tsarin cike yake da zalunci, kuma gaskiyarsa. A zamanin Sharif Aun al-Rafiƙ, daga 1882 zuwa 1905, ana sayar wa muɗawwifai haƙƙin mallakar alhazan yanki guda, su kuma su fanshe a jikin baƙi, a kuɗin raƙumi, a kuɗin ɗaki, a tikitin jirgin komawa. Wanda ya riƙe fasfon mutum ya riƙe wuyansa. Zai ƙara da cewa cunkoson yau ya fi ƙarfin littafi da alƙalami, ya tuna da mutum 1,426 da suka rasu a ramin Mu'aisim a 1990. Wannan ma ba a musu. Tsayar da lokaci ta waya ya rage turereniya a ƙofar Rauda, ya bai wa mata da tsofaffi damar da a da sai mai ƙarfin kafaɗa, farashi kuma ya fito fili. Sai dai duk wannan hujja ce a kan amfanin rajista, ba ta taɓa maganar lamuni ba. Azzalumin wakili yana da shehun sana'a da za a kai ƙara gabansa, yana da 'ya'yan da za su gaji sunan da ya ɓata. A Hajjin 2024 ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta ce mutum 1,301 ne suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 ba su da tasrihi, wato izinin aikin Hajji. An karya doka, ba shakka, amma da yawansu wani ne ya karɓi kuɗinsu ya yi musu alƙawari, sannan babu tanti, babu mota, babu wanda aka rubuta sunansu a hannunsa.

Nan ne maganar cewa ɗan tsakiya ya ƙare take rushewa. Tsohuwar da ta tara kuɗin Umara da sana'ar ƙuli-ƙuli ba ta karanta Larabci ko Turanci, ba ta da katin banki da manhaja za ta karɓa. Ejan ne a Kano zai cike mata, ko jikanta, ko wani matashi a harabar otal. Wakili ya dawo ke nan, sai dai wannan karon sau da yawa ba shi da lasisi, ba shi da shehu, lambar waya ce kawai da za a iya kashewa. Tsohuwar mafakar ma ta ragu, domin tun daga ƙarshen 2021 an rushe unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil da Gulail, inda Bahaushen da guzuri ya ƙare masa kan sami mai jin harshensa. Hukumomin alhazai sun riga sun saba tura malamai da likitoci tare da maniyyata. Riƙe wa maniyyaci asusun manhajarsa, da tsayar masa da lokacin Rauda, da gyara idan izini ya ƙi fita, aiki ne da ya kai a ba shi jami'i mai suna a kowace tawaga, wanda ke jin Hausa, wanda kuma hukuma za ta tuhuma idan ya yi sakaci.