Jiragen ruwan yawon shaƙatawa: me ya sa suke ƙara girma, kuma ina aka nufa da ƙirarsu?

A watan Janairun 2024 wani jirgin ruwa mai suna Icon of the Seas ya tashi daga tashar Miami ta Amurka ɗauke da fasinjojinsa na farko. Tsawonsa mita 365 ne, wato kusan filin ƙwallo uku da rabi, yana da hawa 20, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Da a ce za a kwaso mutanen nan daga Yamai zuwa Dogon Dutsi a manyan motocin safa masu kujera 70, sai an yi jerin mota sama da 140. Kamfanin Royal Caribbean ya kashe kusan dala biliyan 2 wajen ƙera shi a Turku ta ƙasar Finland, abin da ya haura CFA biliyan dubu ɗaya.

Irin waɗannan jirage ba sa kai mutum wani wuri don ya sauka ya zauna. Fasinja yana biyan kuɗin mako ɗaya ko biyu, ya kwana a ciki, ya ci a ciki, jirgin ya tsaya a tashoshi uku ko huɗu na ƴan sa'o'i, sannan ya dawo da shi inda ya ɗauke shi. Da Faransanci ana kiran wannan tafiya croisière. Ƙungiyar kamfanonin harkar, CLIA, ta ce mutum miliyan 34.6 ne suka yi ta a 2024, alhali a 2019 miliyan 29.7 ne. A tsakani an yi annobar korona, wadda ta tsayar da jiragen cak, har wasu tsofaffi aka kai su Aliaga ta Turkiyya aka yayyanka su aka sayar da ƙarfen.

Dalilin ƙara girman lissafi ne da kowane mai motar haya ya sani. Jirgin mutum dubu bakwai kyaftin ɗaya yake buƙata kamar na mutum dubu biyu, kuma man da yake sha bai ninka yadda fasinjoji suka ninka ba, don haka kuɗin da ake kashewa kan kowane kai yana raguwa. Sai kuma cinikin cikin jirgi: gidajen abinci, shaguna, wuraren wasan ruwa, intanet, caca. Kamfanoni sun gane cewa muddin fasinja yana cikin jirgi aljihunsa nasu ne, shi ya sa ake ƙera jirgin yanzu kamar gari mai unguwanni, wasu ma suka mallaki tsibiran kansu a Bahamas don ko an sauka kuɗin kada ya fita hannunsu.

Odar sababbin jirage ta yi nisa. A 2024 Carnival ya ba kamfanin Fincantieri na Italiya aikin jirage uku da kowane zai ɗauki kusan mutum 8,000, za a miƙa su a 2029 da 2031 da 2033. A shekarar ce Norwegian ya yi odar takwas, Disney kuma ya ce zai kai jiragensa 13 nan da 2031. Masu iya ƙera su kaɗan ne: Fincantieri, da Meyer a Jamus da Finland, da Chantiers de l'Atlantique a Saint-Nazaire ta Faransa. China ta shigo sahu da Adora Magic City, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Saudiyya ma ta sayi wani jirgi, ta gyara shi, ta sa masa suna Aroya, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu caca.

Babban canjin da ake yi yana ɗakin inji, inda fasinja ba ya gani. Shekara da shekaru jiragen suna ƙona baƙin mai mai kauri, ragowar matatar mai. Daga 2020 hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage yawan sinadarin sulfur da aka yarda da shi a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, a 2023 kuma ta sa burin kawar da hayaƙi mai ɗumama duniya wajajen 2050. Amsar kamfanoni ita ce iskar gas da ake sanyayawa har ta zama ruwa, wadda AIDAnova ya fara tafiya da ita a 2018. Tana rage baƙin hayaƙi ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma wani kaso na iskar yana tserewa daga inji bai ƙone ba, kuma iskar methane ta fi hayaƙin carbon riƙe zafi nesa ba kusa ba, don haka tallar "jirgi mai tsabta" ta fi abin da ake gani a ƙasa. Ana gwada methanol da batura, ana kuma jona jirgi da wutar gari idan ya tsaya a tasha don a kashe injuna. A Saint-Nazaire har an koma ga iska: an ƙera Orient Express Corinthian mai tsawon mita 220 da manyan filafilai uku masu tauri. Sai dai wannan na attajirai ne ƴan ƙalilan.

Girman yana jawo ƙiyayya. Tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venise, saboda igiyar ruwansu tana cin gindin gine-gine, kuma mazauna sun gaji da dubban baƙi da ke sauka da hantsi su tafi da la'asar ba su kwana a otal ba.

Mutumin Arewa, daga Matankari zuwa Tibiri, zai iya cewa ina ruwan ƙasar da ba ta da teku. Akwai ruwanta ta fuska biyu. Ta farko, MSC, wanda jirginsa World Europa ya zama masaukin ƴan kallo a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, shi ne dai kamfanin da ya sayi harkokin sufurin Bolloré na Afirka a Disambar 2022 kan Yuro biliyan 5.7, ya sa musu suna AGL. Yana da hannu a tashoshin kwantena na Kwatano da Lome, ƙofofin da kayan ƴan kasuwar Nijar suka saba shigowa. A ɓangaren fasinja kuwa, tashar da ya gina a Afirka tana Durban ne, can Afirka ta Kudu. Dakar da Banjul da Tema da Lome da Kwatano sukan ga matsakaitan jirage jefi-jefi, musamman da hare-haren ƴan Houthi a Bahar Maliya suka sa wasu zagayowa ta Afirka daga ƙarshen 2023, amma ƙattan ba sa zuwa. Abin da yankin yake da shi nasa ƙarami ne, kamar Bou el Mogdad, tsohon jirgin 1950 da ke yawo da baƙi a kogin Senegal tsakanin Saint-Louis da Podor.

Ta biyu ita ce aiki. Kowane sabon jirgi yana buƙatar ma'aikata dubu ɗaya zuwa biyu da wani abu, masu girki, masu wanki, masu gyaran wuta da inji, kuma mafi yawansu ƴan Philippines da Indonesiya da Indiya ne. Kwangila takan ɗauki wata shida zuwa tara, ana aiki kullum ba ranar hutu. Ba a ɗaukar wanda ba shi da takardar horon kare kai a teku mai suna STCW da shaidar lafiya da ɗan Turanci. Ana samun horon a makarantar ARSTM ta Abidjan, da jami'ar teku ta Accra, da makarantar Oron a Najeriya. Ga matasan da ke tafiya ci-rani bakin teku, ga abin riƙewa: yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta haramta wa dillali karɓar kuɗin samo aiki daga hannun ma'aikaci. Abin da ke kansa fasfo ne da littafin ma'aikacin jirgi da takardar likita, kuɗin biza kuwa mai jirgi ne ke biya.