Ɓoyayyun Alamomi a Rubutun Kwamfuta: Bayani ga Ma'aikata da Jama'ar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

A yau akasarin takardun hukuma, tun daga jerin sunayen manoma masu karɓar takin zamani har zuwa takardun albashi da fansho, da kwamfuta ake shirya su. Wani lokaci akan nemi sunan mutum a rasa, alhali kuwa yana cikin jerin. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne wasu alamomi da ke cikin rubutu waɗanda ido ba ya ganin su, amma na'ura tana ƙidaya su.

Yadda kwamfuta take ajiye rubutu

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, yana da lambobi 128, daga 0 zuwa 127. Babban harafin A lambarsa 65, tazarar da ke tsakanin kalmomi kuwa 32. Daga cikin lambobin akwai 33 waɗanda ba su da siffa, wato 0 zuwa 31 da kuma 127. Waɗannan umarni ne ga na'ura, an gaje su daga injinan aika tangaraho masu buga saƙo a takarda. Lamba 7 tana kaɗa ƙararrawa, 9 tana tsallakawa zuwa gurbi na gaba, 13 tana komar da bugu farkon layi, 10 kuma tana saukowa sabon layi.

Tsofaffin akawunanmu da suka yi aiki da tafireta sun san ayyukan nan biyu na ƙarshe, domin hannun tafireta guda ne yake yin su. Har yanzu Windows tana rufe layi da 13 sannan 10, Linux kuwa da 10 kaɗai.

Unicode da rubutun ajami

A 1991 aka fitar da tsarin Unicode domin ya ƙunshi rubuce-rubucen duniya, ciki har da haruffanmu masu lanƙwasa da kuma baƙaƙen Larabci. Wannan ya shafe mu ƙwarai, kasancewar ajami gadonmu ne tun kafin zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Ajami daga dama yake tafiya, boko daga hagu, saboda haka idan suka haɗu a layi guda akan bukaci alamar da za ta nuna alƙibla: 8207 ta dama zuwa hagu, 8206 ta hagu zuwa dama. Lamba 8204 tana hana baƙaƙe biyu haɗuwa. Akwai kuma 160, tazarar da ke kama da ta kullum amma lambarta daban, wadda takan biyo rubutun da aka kwafo daga intanet.

Inda matsala take

Sunan garin Sanyinna haruffa 8 ne. Idan mai bugu ya taɓa madannin tazara bayan harafin ƙarshe, na'ura za ta ƙidaya 9, kuma yayin gwada jeri da jeri tana iya ɗaukar su a matsayin garuruwa biyu. Haka abin yake ga sunan mutum. Sakamakon shi ne dattijo ya taso daga Kuchi ko Dogon Daji, ya kashe kuɗin mota, a ce masa ba a ga sunansa ba.

Shawarwari

1. Mai bugu ya kunna alamar ¶ a Word, za ta bayyana tazara da ƙarshen sakin layi.

2. A Excel, umarnin LEN yana ƙidaya alamomin gurbi, TRIM yana cire rarar tazara, CLEAN kuma yana cire lambobi 0 zuwa 31. Dukansu ba sa cire 160, sai an musanya ta da SUBSTITUTE.

3. A tsabtace kowane jeri kafin a haɗa shi da wani.

4. Wanda aka ce ba a ga sunansa ba, ya roƙi a nema da wani sashe na sunan ko da lambar shaidarsa.

Kammalawa

Muna kira ga sakatarori da masu bugu da su riƙa duba aikinsu kafin su miƙa shi, domin haƙƙin bayin Allah yana rataye a kan abin da suka buga. Rigakafi dai ya fi magani.