Kaushi da ƙarar gogayya

Kaushi shi ne ƙananan tudu da kwari da ke fuskar kowane abu, ko da ido na ganinsa sumul. Da maikromita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idan fuska biyu suka gogi juna, waɗannan tuddai kan yi ta karo suna kuɓucewa, jikin abin ya girgiza, girgizar ta shiga iska ta zama ƙara. Ƙarar kan ƙaru da yawan kaushi da saurin gugar.

Injin niƙan da ke unguwannin Kankiya da Kusada ya isa misali. Faifansa biyu na ƙarfe masu tsagi ne, kuma da gangan ake wasa su, domin faifan da ya sulɓe ba ya niƙa gero da kyau. Idan hatsi ya ƙare a tsakaninsu, ƙarfe kan ci ƙarfe, ƙarar ta tsananta. Abin damuwa kuwa, ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na iya lalata ji idan ana wuni a cikinta, kuma masu niƙa a nan suke yini.

Ƙugin birki ma daga gogayya yake, amma daban yake: kamawa da sakin da fuskokin ke yi wa juna ke jawo shi.