Yadda Ƙaramin Yaro Yake Koyon Magana: Bayani Domin Iyaye

Magana baiwa ce daga wurin Allah, amma a bakin mutanen gida yaro yake ɗaukarta. Tun kafin kalmar farko ta fito, ya daɗe da soma zance da iyayensa ta wurin kuka, da murmushi, da kallo, da miƙa hannu.

A wata biyu zuwa uku jariri yakan yi ƙananan sautuka in an yi masa wasa. Daga wajen wata shida zuwa tara sai gwaranci ya shigo, irin su “ba-ba-ba” da “ma-ma-ma”, ko da yake bai san ma’anarsu ba tukuna. Kafin ya cika shekara yakan juyo in an kira sunansa, ya ɗaga hannu in ana sallama, ya nuna abu da yatsa. Kada a raina wannan nunin. Yaron da ya nuna akuya sa’an nan ya dubi fuskar uwarsa, tambaya yake yi, yana kuma jiran amsa. Kalmar farko takan zo wajen shekara ɗaya. A shekara biyu yawancin yara suna da kalmomi hamsin ko fiye, suna kuma haɗa biyu: “Mama zo”, “ba ni”. A shekara uku baƙo yakan gane yawancin abin da suke faɗa. Harafin “r” yakan yi jinkirin zama a baki, saboda haka “luwa” a maimakon “ruwa” ba abin damuwa ba ne.

Abin da yake gina magana shi ne ba-ni-in-ba-ka: yaro ya yi sauti, babba ya amsa, ya dakata, yaro ya sāke. A shekara ta 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami’ar Washington ta Amurka suka sa jarirai ’yan wata tara zama da masu jin harshen Sin har sau 12. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda kuwa aka nuna wa a bidiyo ba su koya ba. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ko waƙoƙin yabo ne a wayar, waya ba ta amsa wa yaro.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi. Uwa mai goyo tana iya faɗa wa yaro abin da take saye a kasuwar Tudun Wada, ga tumatir, ga albasa. Uba yana iya ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, ko ya riƙe shi a cinya lokacin addu’ar iyali. Maimaitawar Shari’a 6:6-7 ta sa koyar da ’ya’ya a cikin zaman gida da tafiyar hanya, da kwanciya da tashi, wato cikin hidimar yau da kullum. A gidajen da ake kunyar ɗan fari, har uwa ba ta sakin baki da shi a gaban mutane, kaka da ’yan’uwan uba su cike gurbin, ita ma uwar ta yi hira da shi in sun kaɗaita.

Harshe biyu ko uku

A Tudun Wada gida ɗaya yakan ɗauki harsuna da yawa: uba Bajju, uwa Atyap, maƙwabta suna Hausa ko Yarabanci, makarantar yara kuwa Turanci. In yaro ya yi jinkiri, sai a ce harsunan ne suka rikita shi, a hana kaka yi masa yare. Wannan kuskure ne. Jin harshe biyu ba ya kawo jinkirin magana. In za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na dukan harsunan, gaurayawar da yake yi kuma takan ragu in ya girma. Kowa ya yi masa magana da harshen da ya fi iyawa, gama Hausa mai daɗi ta fi masa amfani a kan guntun Turanci. Timoti ɗan Bahelene ne da Bayahudiya, bangaskiyar kuma ta wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta iso gare shi (2 Timoti 1:5). Yaron da ba ya jin harshen kakarsa ya rasa malama babba.

Lokacin da ya kamata a je asibiti

A nemi likita in yaro ya cika shekara ba ya gwaranci ko juyowa ga sunansa, in ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, in ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalmomi, ko kuma in kalmomin da ya iya suka ɓace. Abin farko da za a gwada shi ne ji. Sanƙarau, da ƙyanda, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, da kunne mai zubar da mugunya, duk suna iya taɓa ji ba tare da an lura ba. A Markus 7:31-37 ma, kunnuwan mutumin ne suka fara buɗewa kafin harshensa ya saku. Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara da na kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. A yi addu’a, a kuma tafi. Kada a kai yaro wurin wanzami a yanke masa ƙasan harshe ko a cire beli don ya yi magana, gama hakan yana iya kawo zubar jini da cuta.

I’ina kuwa takan bayyana tsakanin shekara biyu zuwa biyar, a wurin yara da yawa takan wuce da kanta. Kada a yi masa dariya ko a ƙarasa masa zance. In ta wuce wata shida, a nemi taimako.

In gwaji ya nuna yaro kurma ne, a soma maganar hannu da shi nan da nan, dukan gida su koya, gama cikakken harshe ce. Andrew Foster, mai bishara Ba’amurke wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Malaman makarantar Lahadi su ba irin wannan yaro wurin zama a gaba, inda zai riƙa ganin fuskarsu da hannuwansu.