Shekarun Faliya a Tafkin Kainji

Idan tsofaffin masunta na Yelwa ko Warra suka ce "lokacin da akwai kifi", galibi suna nufin shekarun farko bayan an datse Kogin Kwara a Kainji a 1968. Ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka da tsibiran Gungawa, ya tashi mutane fiye da 40,000, tsohon garin Bussa ma ya nutse. Sai ga kifi kamar an buɗe rumbu: kamun shekarar 1971 ya kai tan 28,000, kifin faliya ne kan gaba. To amma wannan yalwa ba ita ce ainihin ƙarfin tafkin ba. Ciyawa da ganyaye da takin da ruwa ya rufe ne suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya ci ya hayayyafa, abincin kuma ya ƙare. Zuwa 1978 kamun bai kai tan 5,000 ba. Haka Tafkin Volta na Ghana ya yi tashen farko kafin ya lafa.

Wani zai ce ai masunta ne suka cinye arzikinsu da kansu, kuma maganar ba ta rasa tushe. Duk wanda ya ga ana jan dala a gaɓar Ngaski ya san ɓarnarta: raga ce mai ido kamar gidan sauro, ana neman kifin warangi da ita, amma tana fitowa da 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Shi ya sa dokokin jihohin Kebbi da Neja na 1997 suka haramta ta. Sai dai faɗuwar farko ta riga yaɗuwar dala da shekaru, don haka ba a ɗora mata laifin abin da ta tarar.

Asarar da ta fi girma a ganina ita ce ta iko. Kafin madatsa, masunta Sarkawa da Gungawa sun san kogin gurbi-gurbi, sun san farin ruwan damina da baƙin ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini da sanyi, suna su bisa wannan lissafi. Sarkin Ruwa yana iya rufe gurbi har sai kifi ya ƙosa, ba mai tsallake maganarsa. Wa zai rufe tafkin da tsawonsa ya wuce kilomita 130, wanda hawansa da saukarsa ke bin buƙatar injinan lantarki, baƙi kuma suka shigo da ragar leda daga ko'ina? Hukuma ta gwada tsaron ruwan ita kaɗai, abin bai yi tasiri ba. Da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya zo a shekarun 1990, sarakunan ruwan aka koma nema, aka sa hannunsu a yankan lasisi da hana dala a tungoginsu.